HAKKIN MA'AIKACIN DA YA YI SAMMAKO: HUKUNCIN MINTOCIN DA KE GABAN LOKACIN AIKI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta ciniki da ƙodago, Ya haramta zalunci a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako yana magana ne a kan wata mas'ala wadda take ƙarama a ido amma mai nauyi a mizani. Ga surarta. An ɗauki mutum aiki a masana'anta, ko babban kanti, ko gidan mai, ana biyansa gwargwadon awoyin da ya yi. An yi sharaɗi zai kama aiki da ƙarfe takwas na safe. To, sai ya zama kullum takwas saura kwata ta yi masa a wurin, ya sa hannu a littafi, ko ya buga kati, ko ya dangwala yatsa a na'urar da ke rubuta lokacin isowa. Ran biya, sai akawu ya ƙirga masa daga ƙarfe takwas, kwatar nan kuwa ta bi iska. Shin maigida ya ci hakkinsa, ko kuwa bai ci ba? In kuma aka biya shi kwatar, shin halal ya ci?

ASALIN MAS'ALAR A FIƘIHU

Malaman fiƙihu suna kiran ƙodago da sunan ijara, watau sayar da amfani a kan lada sananne. Sun kasa ɗan ƙodago kashi biyu. Na farko shi ne wanda ke yi wa kowa aiki, kamar tela da maƙeri da marini. Shi wannan aikinsa ake saye, ba ruwan mai kaya da ko da hantsi ya ɗinka ko da tsakar dare. Na biyu shi ne wanda aka keɓe shi ga mutum ɗaya zuwa wani lokaci, kamar lebura da maigadi da mai tsaron kanti. Shi kuwa lokacinsa ake saye. Saboda haka malamai suka ce ya cancanci ladansa da zarar ya miƙa kansa a cikin lokacin da aka ƙayyade, ko da maigida bai ba shi abin yi ba. Ma'aikacin da ake biya da awa yana cikin wannan kashi na biyu.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya rataya halaccin ijara a kan abu biyu: a yanka mata lokaci, a kuma ambaci lada. Alƙur'ani mai girma ya kawo misalin haka a Suratul Ƙasas, inda dattijon Madyana ya ɗauki Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, aikin shekara takwas, ya bar cikon biyu a hannun Musa, in ya so ya yi, in bai so ba babu tilas. Mai karatu ya lura da yadda aka raba wajibi da ƙari tun kafin a soma aiki. Abin da ya haura sharaɗi yana hannun ma'aikaci ne, ba a karɓarsa da wayo, ba a karɓarsa da kunya.

Tun da lokaci ake saye, to agogo ya zama mudu. Abin da Shari'a ta faɗa a kan mudu da sikeli kuwa sananne ne. Akwai sura sukutum, Suratul Muɗaffifina, wadda ta buɗe da narko a kan masu cika awo in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Mutanen Annabi Shu'aibu ma tauye awo yana cikin abin da ya halaka su. Kada a zaci hukuncin ya tsaya ga dawa da gero. A cikin Muwaɗɗa an kawo cewa Sayyidina Umar ya kira mutumin da ya rasa sallar La'asar cikin jam'i da sunan mai tauyewa, Imamu Malik kuma ya bi bayan wannan da bayanin cewa kowane abu yana da cikawa yana da tauyewa. Ashe ke nan ana tauye awa kamar yadda ake tauye tiya.

ƘARAMIN LISSAFI

Mai yiwuwa wani ya ce, minti goma sha biyar har wani abin magana ne? To, a ɗauki alƙalami. A shekarar 2024 aka sa mafi ƙarancin albashi a Nijeriya ya zama naira 70,000 a wata. A ƙaddara ma'aikaci yana yin kwana 26 a wata, awa 8 kowace rana, watau awa 208. Kuɗin awa ɗaya ya kama wajen naira 336. Kwata ɗaya kullum, a wata ta zama awa shida da rabi, a shekara awa 78, kusan aikin kwana goma ke nan. Kuɗinta naira 26,250. In ma'aikatan ɗari ne, abin da ya maƙale a aljihun maigida a shekara ya kai naira 2,625,000. Da yayyafi kogi kan cika. Wanda ba zai yarda ya sa hannu a aljihun leburansa ya zari naira dubu ashirin da shida ba, ya kamata ya ji tsoron zararta da sisi-sisi.

Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi daga Abu Huraira wanda ya lissafa mutum uku da Allah da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar Alƙiyama. Na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya karɓi aiki cikakke daga gare shi, sa'an nan ya hana shi ladansa. Ibn Majah kuma ya ruwaito umurnin a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Babu inda aka ce hukuncin ya faɗi don ladan ya ƙanƙanta.

YADDA WASU SUKA SHA FAMA DA ITA

Amurka ta daɗe tana shari'a a kan wannan mas'ala, domin a can biya da awa ya yawaita, kuma yana da amfani a ga inda alƙalansu suka tsaya. A shekarar 1938 suka kafa dokar albashi da awoyin aiki, wadda daga 1940 ta tsayar da makon aiki a kan awa 40. Abin da ya haura haka, ana biyan kowace awa da kuɗin awa ɗaya da rabi.

Ba a jima ba sai rigima ta tashi a wani kamfanin yin kwanonin tangaran da ke garin Mount Clemens a jihar Mishigan, mai ma'aikata wajen 1,200. Kamfanin yana barin ma'aikata su buga kati tun da sauran minti 14 a soma aiki. Daga wurin agogon sai su taka zuwa inda suke aiki, su sa rigar aiki, su kunna fitilu da injuna, su wasa kayan aiki. Amma wajen lissafi, sai a soma ƙirga musu daga cikar kwatar da ke gaba, in za su fita kuma a koma ga kwatar da ta wuce. Da yake sau huɗu ake buga kati a yini, har da fita cin abinci da komowa, mutum yana iya rasa minti 56 a rana guda. Ma'aikata suka kai ƙara, magana ta kai Kotun Ƙoli, aka yanke hukunci a 1946.

Kotun ta rarrabe. Ta ce wanda ya zo da wuri don ra'ayin kansa, ya zauna yana jira, ba ya bin kamfani kome a kan zaman jiran. Amma shirye-shiryen da yake yi domin amfanin kamfani aiki ne, sai an biya, in dai ba 'yan daƙiƙoƙin da ba su taka kara sun karya ba ne. Ta kuma ce ajiye lissafin lokaci nauyin maigida ne. In littafinsa bai inganta ba, ya isa ma'aikaci ya kawo ƙiyasi mai ma'ana, sai maigida ya kawo abin da zai rushe shi.

Wannan hukunci ya tayar da ƙura. Cikin 'yan watanni aka shigar da ƙara fiye da 1,500, ana neman kusan dala biliyan 6. Sai Majalisar Dokokinsu ta yi sabuwar doka a 1947, ta cire tafiya daga ƙofa zuwa wurin aiki, da shirye-shiryen da ba su shiga jikin aikin ba, daga abin da ya wajaba a biya. Duk da haka, a 1956 Kotun Ƙoli ta sake duba shari'ar ma'aikatan wata masana'antar batir, waɗanda dole su sauya tufafi su yi wanka saboda gubar darma da ruwan batir. Ta ce duk abin da aiki ba ya yiwuwa sai da shi, to aiki ne. Ɗalibin usulul fiƙhi zai ji wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnensa, domin malamai sun daɗe da tabbatar da cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Ƙa'idojin Ma'aikatar Ƙwadago ta ƙasar sun ƙara da cewa aikin da ba a nema ba amma aka ƙyale ana yinsa, lokacin aiki ne. Kafa doka a bango cewa an hana aiki kafin lokaci bai wadatar ba. Dole shugabanni su tsaya su hana, ba su zauna suna cin moriyar aikin su ƙi biya ba. A 2018 kuma Kotun Ƙolin jihar Kalifoniya ta duba ƙarar wani ma'aikacin Starbucks wanda yakan yi minti huɗu zuwa goma yana rufe kanti bayan ya buga katin tashi. Abin da ya taru masa cikin wata 17 bai wuce dala 102 da 'yan kai ba. Kotun ta ce a dokar jiharsu ba a yafe irin waɗannan mintoci tun da kullum ake yinsu, ta kuma lura cewa kuɗin da wani ya raina, wani da shi zai ciyar da gidansa.

HALAYE HUƊU DA HUKUNCINSU

In aka auna mas'alar da ma'aunin Shari'a, mai sammako ba ya fita daga ɗayan halaye huɗu.

Hali na farko: ya zo da wuri don buƙatar kansa. Gidansa da nisa, yana gudun cunkoson mota, ya iso ya zauna gindin bishiya ya sha koko, ko ya shiga masallaci ya yi walaha, har lokaci ya yi. Wannan ba ya bin maigida kome, ko da na'ura ta rubuta isowarsa, domin lokacin nasa ne, yana iya tashi ya tafi inda ya ga dama. Na'ura shaida ce ta isowa, ba ta san abin da mutum ya yi ba bayan ya iso.

Hali na biyu: maigida ne ya ce a zo da wuri. Ko ya faɗa da baki, ko ya tsara aikin yadda ba makawa sai an zo, misali a ce injin ya zama ya yi zafi kafin takwas, ko a ƙirga kuɗin aljihun kanti, ko a karɓi aiki daga masu kwana, ko a tsaya layi a ji jawabin manaja. Wannan babu saɓani a kansa, lada ya wajaba tun daga mintin da aka tsare mutum. Kiran abin da sunan shiri ba ya sauya hukuncinsa.

Hali na uku, wanda ya fi yawa kuma ya fi ruɗi: ba a ce ya zo ba, ba a kuma hana shi ba. Ya iso ya kama shara, ya jera kaya, ya soma sallamar masu saye, maigida ko wakilinsa yana gani, yana jin daɗi, ya yi gum. Ran biya sai ya ce, "Wa ya sa ka?" Malamai suna da ƙa'ida a nan. Asali ba a jingina wa mai shiru magana, amma shiru a wurin da ake buƙatar bayani, bayani ne. Wannan ƙa'ida tana cikin waɗanda aka tattara a Majallar hukunce-hukunce da malaman daular Turkawa suka tsara tsakanin 1869 da 1876. Haka kuma, wanda aka san da lada yake aiki, in ya yi wa mutum aiki da saninsa ba tare da an yanka lada ba, ana ba shi ladan irinsa. Lebura bai baro gidansa da asuba don ya yi sadaka ga mai masana'anta ba. Saboda haka hanya biyu ce kawai a gaban maigida: ya hana, ko ya biya. Ya ci amfanin kuma ya ƙi biya, wannan ita ce hanya ta uku, kuma ita ce tauye mudu.

Hali na huɗu: an hana shi a fili, an kuma tsaya a kan hanin, amma ya saci jiki ya yi aikin ba da sanin kowa ba don ya ƙara awoyinsa. A fiƙihu wannan ya yi aikin sa kai, ba a tilasta wa mutum sayen abin da ya ce ba ya so. Sai dai maigida ya binciki zuciyarsa, shin da gaske bai sani ba, ko kuwa kau da kai ya yi? In aikin da aka ɗora wa mutum ba ya ƙarewa cikin awa takwas, aka kuma hana shi somawa da wuri, aka zarge shi in bai gama ba, to hanin na baka ne kawai, hukuncinsa kuma ya koma hali na biyu.

MAGANAR CIKE MINTOCI

Wasu wuraren ba sa ƙirga minti ɗaiɗai, sai su mai da lissafi zuwa kwata mafi kusa. A ƙa'idar Amurka an yarda da haka: minti ɗaya zuwa bakwai a zubar, takwas zuwa goma sha huɗu a cike su zama kwata, da sharaɗin in an daɗe ana yi kada ma'aikaci ya zama shi ne kullum a ƙasa. Shari'a ma tana rangwame a kan ɗan jahilcin da ba a iya kauce masa a ciniki, kuma abin da aka saba da shi a al'ada yana daidai da abin da aka yi sharaɗi. Amma rangwamen yana tsayawa ne in awon yana cin kowane ɓangare. In ma'aikaci ya makara da minti uku a yanke masa kwata, in ya yi sammako da minti goma a ce ba a gani ba, wannan mudu biyu ne, na saye daban na sayarwa daban, kuma shi ne ainihin abin da surar nan ta yi narko a kansa. Yanzu da na'ura take rubuta lokaci har daƙiƙa, uzurin wahalar lissafi ya ragu ƙwarai.

ABIN DA DOKAR NIJERIYA TA TANADA

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, ta bar ƙayyade awoyin aiki ga yarjejeniyar ma'aikaci da maigida, ko ta ƙungiyar ma'aikata da masu kamfani, ko hukumar tsara albashi. Ta ce abin da ya haura awoyin da aka ƙayyade aikin ƙarin lokaci ne, amma ba ta yanka kuɗinsa ba, sai abin da aka yi yarjejeniya. Ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce da kama aiki, ta wajabta ajiye lissafin albashi, ta kuma hana yanke albashi da sunan tara. Wanda aka zalunta yana da ofishin ƙwadago, yana kuma da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Musulmi kuwa an umurce shi da cika alkawari, bin irin wannan doka da ke tsare hakkin mai rauni yana cikin biyayya ga shugabanni a abin da ba saɓo ba.

NASIHA GA MAIGIDA

Na ɗaya, ya rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ta kuma yi gargaɗi kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Ladan da ba a biya ba bashi ne. A rubuta lokacin kamawa, da na tashi, da kuɗin ƙarin lokaci, da wanda ke da ikon ba da izninsa.

Na biyu, in ba ya son biyan sammako, ya sa a daina buga kati sai lokaci ya kusa, ya tanadi wurin zama ga masu isowa da wuri nesa da kayan aiki, ya kuma gargaɗi masu kula da ma'aikata, domin ganinsu ganinsa ne.

Na uku, in ma'aikaci ya karya wannan tsari da sanin shugabansa, a biya shi abin da ya yi, sa'an nan a yi masa faɗa ko a ba shi takardar gargaɗi. Horo daban, lada daban. Ba a horon mutum da cinye guminsa.

Na huɗu, kada ya sa akawu ya goge lokacin da na'ura ta rubuta ba da sanin mai shi ba. In akwai gyara, a kira shi, a yi a gabansa, ya sa hannu. Akawun da ya goge don a ji daɗinsa ya sani ya yi shaidar zur, kuma maigida ba zai ɗaukar masa zunubi ba.

Na biyar, wanda ya duba littattafansa ya ga ya daɗe yana cin wannan kwata, tubansa ba ya cika sai ya mayar. Ya tuna da hadisin mutum uku da dutse ya toshe musu bakin kogo. Ɗayansu da abin da ya yi tawassuli shi ne ladan wani ɗan ƙodago da ya tafi ya bari, shi kuwa ya juya masa shi har ya zama garke, da mai shi ya komo ya miƙa masa duka.

NASIHA GA MA'AIKACI

Mudun nan da aka hana maigida tauyewa, shi ma an hana shi. Wanda ya buga kati da sassafe don a ƙirga masa, sa'an nan ya koma shan shayi, ya ci haram gwargwadon abin da aka ƙara masa. Wanda ya sa wa abokinsa hannu alhali abokin yana gida, su biyu sun yi tarayya a ƙarya da cin dukiyar mutane da ɓarna. Wanda ya makara ya rubuta takwas, shi ma mai tauyewa ne. Alƙur'ani ya siffanta mafi alherin wanda za a ɗauka aiki da abu biyu, ƙarfi da amana. In yana ganin ana cin mintocinsa, ya riƙa rubuta lokacinsa a ɗan littafinsa, ya yi magana da ladabi tun abin bai taru ba, ko ya kai ga wakilan ƙungiyarsa. Bai halatta ya rama da satar kaya ko lalaci a bakin aiki ba.

Alhasali, ba a tambayar ƙarfe nawa mutum ya iso. Abin tambaya shi ne, ƙarfe nawa ya soma yi wa maigida aiki da saninsa? Daga wannan minti lada yake somawa. Ranar da za a kafa ma'aunan adalci, abin da bai fi nauyin ƙwayar komayya ba ma za a kawo shi, balle kwata guda ta kowace safiya.

Allah Ya tsare mai ɗauka da wanda aka ɗauka daga cin hakkin juna, Ya sanya albarka a cikin halal. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.